Kalmar da Ban Rubuta a Takarda Ba

Na san yadda ake haɗa hawaye a gaban kyamara, don sana'ata ce. Idan jaruma ta kasa kuka, ga rana tana shirin faɗuwa, sai a ɗauko Robb a shafa mata kaɗan a ƙasan ido, a dakata minti ɗaya, idon ya kaɗa ya yi ja, ruwa ya fara zuba. Wasu gilisarin suke saya a kemis, a ɗiga a kunci, ya gangaro a hankali yana ƙyalli. Akwai kuma waɗanda Allah ya hore wa, su dai a yi musu shiru, su juya baya su tuno abin da za su tuno, kafin a kunna kyamara fuska ta jiƙe sharkaf. Shekara da shekaru ina zama a ɗakin tace hoto da abin sauraro a kunne, har na gane cewa ido yana iya yin ƙarya, numfashi ne ba ya yi. Mai kukan Robb numfashinsa daidai yake tafiya. Mai kukan gaske kuwa, tun kafin ƙwalla ta fito za ka ji numfashin ya yanke, ya dawo guntu-guntu, magana ta sarƙe a tsakiyar kalma.

Duk da wannan sanin, na daɗe ina ɗaukar masu kuka a wurin karɓar lambar yabo a matsayin waɗanda ba su tashi daga aiki ba. Lokacin muna ɗalibai a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, mun sha zama a Ƙauyen Dirama, gidan wasan nan na jar ƙasa da aka gina tun shekarun 1970, muna gardama a kan haka. Wata rana wani ya kawo mana bidiyon jarumar Amurka Halle Berry na 2002, daren da ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci kyautar Oscar ta babbar jaruma, tana rungume da kambun tana kuka har magana ta gagare ta. Ina cikin masu cewa wadda ta iya kuka a fim ba za ta rasa na kan dandamali ba. Da zuciya ɗaya nake faɗa. An raine ni a kan cewa namiji haɗiye abinsa yake yi, kuma ban ga abin da zai sa babban mutum ya tsaya gaban jama'a yana sharar ido saboda ɗan ƙarfe da katako ba.

Sai da na bi hanyar da ƙafata.

Fim ɗin nawa gajere ne, minti 18. Labarin wani tsohon magini ne a cikin birnin Zariya, da ɗansa da ya bar ƙasa ya koma bulo da siminti. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya ji sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na ƙofar fada a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830, kuma har yau bakunan rufin da ya ɗaura suna nan a cikin sabon ginin da aka lulluɓe su da shi. Abin da ya dame ni shi ne masu wannan hannun suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, soraye suna zubewa duk damina, ba mai tayar da su. Wanda ya fito a matsayin tsohon ba ɗan fim ba ne, magini ne na gaske. Sau uku ina zuwa zaurensa kafin ya amsa.

"Yaro, ni ba ɗan wasa ba ne," haka ya ce min a zuwan farko.

"Baba, ba wasa za ka yi ba. Aikinka za ka yi, mu kuma mu ɗauka."

Kwana tara muka yi muna ɗauka, cikin hunturu, lokacin da magina suke aiki. Akwai wani hoto da har yanzu in na rufe ido nake ganinsa: hannun Baba yana cura tubali, ya ɗebo ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, ya juya ta sau biyu a tafinsa, ya dangwarar da ita a ƙasa, ƙasanta faffaɗa samanta tsini, ba tare da ya ko kalle ta ba. Yana yi yana yi wa mai ɗaukar hoto bayanin yadda ake jera azara, da dalilin da ya sa gara ba ta cin itacen giginya, da yadda ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa a yi yaɓe da ita don kada ruwa ya ci bango. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a rubutun labarin. Barinsa muka yi yana magana.

Ranar da muka gama ɗauka kuɗina suka ƙare ƙaf. Hayar kyamara daga Kaduna, man janareto, abincin mutum goma sha huɗu, duk sun cinye abin da na tara daga ɗaukar bidiyon biki da suna. Ga gyaran sauti, ga gyaran launi, ga fassara, ga kuɗin shiga gasa, ko ɗaya ban taɓa ba. Fim ɗin ya zauna wata huɗu a cikin kwamfuta. Rannan da yamma ƙanwata ta yi sallama a ɗakina a Tudun Wada, ta ajiye wata baƙar leda a kan tebur. A ciki akwai tsohon ɗankwali an ƙulle kuɗi a ciki, 'yan ɗari biyar-biyar da 'yan dubu-dubu, wasu sun yi laushi don shan hannu.

"In ji Umma. Kwasar adashinta ce. Ta ce kada ka zo godiya."

A nan sai na yi bayanin wani abu, ko da yake Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kansa. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni Goggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Wadda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi zancena sai ta ce "na wajen Goggo", ko "wancan". Ni kuma "Yaya" nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta, alhali ƙannena suna ce mata Umma. In na shiga gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, in tashi. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Haka na ga ana yi a gidajen unguwarmu. Sana'arta ɗinkin hannu, irin wanda matan cikin birnin Zariya suka shahara da shi: a kawo mata kaftani ko babbar riga an zana mata aikin da biro, ta zauna a kan tabarma da allura da zare, mako biyu, mako uku, wani lokaci fiye, kafin ta gama guda. Daga nan take zubin adashi. Na san adadin wuyan rigar da ke cikin ƙullin ɗankwalin nan, shi ya sa na daɗe ban iya ƙirga kuɗin ba.

Kuma ba wai sana'ar tawa abin alfahari ce a gidanmu ba. Zariya garin malamai ne, kalmar "ɗan fim" ba ta da daɗin ji a zaure. Marigayi Kasimu Yero ɗan garin nan ne, ƙasar nan kaf ta kalle shi a talabijin har ya rasu a 2017, amma dattawan da suka sha dariya da wasanninsa ba lallai su so ɗansu ya bi sahunsa ba. Kawunnaina sun yi magana, maƙwabta sun yi. Ita ba ta taɓa cewa komai ba, ko na yabo ko na hani. Ledar nan ce maganarta ta farko a kan aikina.

Da kuɗin na kammala. Daga nan sai shiga gasa, wanda shi ma aiki ne mai zaman kansa da ba a koya mana a aji ba. Yawancin bukukuwan fina-finai yanzu ta shafin FilmFreeway suke karɓar aiki. Za ka buɗe asusu, ka ɗora fim ɗin, ka sa fosta, ka rubuta taƙaitaccen labarin da Turanci, ka sa hotonka da ɗan tarihinka, sannan ka bi bukukuwan ɗaya bayan ɗaya kana duba sharuɗɗansu: tsawon fim, shekarar da aka gama shi, ko an taɓa sakinsa a YouTube, don wasu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita. Kuɗin shiga yana hawa ne yadda ranar rufewa take matsowa, wanda ya yi sammako shi ke biyan kaɗan. Na waje da dala ake biya, nan ma sai da na nemi wanda katinsa yake aiki. Ɗora fim ɗin kansa kwana na yi a kai, intanet tana yankewa ina sakewa, sai wajen kiran assalatu ya cika.

Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ita ta fi ba ni wuya. Yaya za ka faɗi "ɗaurin guga", wani salon rufin soro, da Turanci a cikin layi ɗaya da zai ɓace bayan daƙiƙa uku? Yaya za ka fassara "sannu da aiki" da amsarta, ba tare da ta koma gaisuwar da ba ta da gishiri ba? Ni da wani abokina malamin Turanci mun yi mako guda a kan minti 18. Wasu kalmomin barinsu muka yi da Hausarsu, muka ce hoton ya yi bayani.

Wuri bakwai na tura. Huɗu suka ba ni haƙuri, biyu ko amsa babu. Na bakwai wani biki ne a Kaduna. Saƙonsu ya same ni ina tsaye a Kwangila ina jiran abin hawa zuwa Samaru: fim ɗina yana cikin biyar da za su yi takarar gajeren fim mafi kyau. Na karanta sau uku a tsaye, mai Keke Napep yana ta yi min hon.

A cikin takardar gayyata sun rubuta cewa duk wanda ya ci, minti ɗaya gare shi a kan dandamali. Ba su matsa ba, don a Oscar daƙiƙa 45 ake ba mutum kafin makaɗa su fara kiɗa su tashe shi. Na ce to bari in shirya, ko ban ci ba ban yi asarar komai ba. Na zauna bayan sallar isha'i na jera sunaye, suka kai ashirin da uku. Na fara yankewa. Wannan yankan da ciwo yake, don kowane suna da ka soke fuska ce: yaron da ya riƙe sandar makirufo kwana tara hannunsa a sama, matar da ta dafa mana abinci bashi, mai gidan da ya bar mu muka cika masa tsakar gida da wayoyi. Na haɗa wasu a jimla ɗaya, na tsara: godiya ga Allah, masu shirya biki, Baba magini, abokan aiki, Goggo. Da na iso kan wadda ta haife ni sai biro ya tsaya.

Me zan rubuta? In na ce "Yaya", jama'a za su ɗauka wata yayata ce. "Umma" ba kalmar bakina ba ce, ta ƙannena ce. Sunanta kuwa ko a zuci ba na faɗa. Ga shi ta riga ta aiko cewa kada in zo godiya. Na daɗe ina juya abin, daga ƙarshe na rubuta "da mutanen gida". Na ga ya rufe komai, bai tona kowa ba. Na kunna agogon waya na karanta: daƙiƙa 52. Na maimaita ya fi sau ashirin a kwanakin da suka biyo, a ɗaki, a kan babur, har na haddace. Ko sau ɗaya muryata ba ta yi rawa ba.

Ana gobe tafiya ƙanwata ta sake zuwa, wannan karon da kaftani a ninke cikin jarida. Shadda ce ruwan toka, an yi mata aikin hannu a wuya da ƙirji da bakin hannu, da zare mai ɗan duhu. Ƙamshin turaren wutar ɗakinta yana jiki. Na tambaya yaushe aka auna ni. Ƙanwata ta ce tun ranar da na faɗa musu an zaɓi fim ɗin aka aiko ta ta ɗauki tsohuwar rigata a igiyar shanya, da ita tela ya yanka.

"Ya Babba, mako uku ba ta karɓi aikin kowa ba. Da fitila take yi in an ɗauke wuta. Kuma ka san idon nata." Ta kuma ce za a nuna bikin kai tsaye a Facebook, ta sayi data, za su kalla a tsakar gida.

Da Baba magini muka tafi. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita tamanin ne ko kusa da haka, amma ya riƙo butarsa da goronsa da darduma kamar mai zuwa Makka. Zauren taron sanyin na'ura kamar tsakiyar hunturu, ga jan kafet, ga masu ɗaukar hoto suna ta walƙiya. Baba ya dubi rufin zauren ya daɗe, ya ce faɗinsa ya yi yawa, ba ginshiƙi ko ɗaya, ƙarfe ne ya riƙe shi. Muka zauna a layi na shida.

Rukuninmu can wajen ƙarshe yake, don haka na sha kallon masu hawa da sauka. Kunnena na aiki bai bar ni ba, numfashinsu nake saurare. Wata yarinya da ta ci kyautar kwalliya ta fara magana garau, tana isowa kan wadda ta koya mata sana'a sai numfashin ya yanke. Wani dattijon ɗan wasa da aka karrama saboda daɗewa a harkar ya karɓi kambunsa, ya fara lissafa abokan da suka fara tare, ya kai na uku ya yi shiru, ya cire hula ya mayar. Babu Robb a wurin nan. Na lura kuma babu wanda ya karye a kan "na gode wa Allah" ko "na gode wa alƙalai". Duk a kan sunan wani suke karyewa. Na shafa takardata a aljihu, na ce ni tawa babu sunan da zai kayar da ni.

Aka iso kanmu. Aka nuna guntun kowane fim a babban allo. Muryar Baba ta cika zauren tana bayanin makuba, shi kuma yana zaune kusa da ni yana tauna goro kamar ba shi ba. Tafin hannuna ya yi sanyi, bakina ya bushe. Aka buɗe ambulan. Na ji sunan fim ɗin kafin in ji nawa, kuma ban tashi ba sai da Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Kai ake kira."

Abin da ba wanda ya taɓa faɗa min shi ne in ka hau ba ka ganin kowa. Fitilu suna cikin idonka, jama'ar duk sun koma duhu, sai tari da motsin kujeru. Kambun ya fi yadda na zata nauyi, ga takarda a ɗaya hannun tana kaɗawa. Na yi bismilla na fara, kuma na tafi daidai. Na gode wa Allah, na gode wa masu biki. Na ambaci Baba, sai tafi ya ɓarke, na hango inuwarsa ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu yana jinjina. Tafin ya ci min daƙiƙa kusan goma. Na wuce abokan aiki da sauri, na ambaci Goggo, na sunkuyar da kai don in karanta layin ƙarshe.

Maimakon takardar, idona kan ƙirjin rigar ya sauka. Hasken wurin ya fi na kowane ɗaki da na taɓa sa ta, kuma a ƙarƙashin zaren na ga shuɗin layin biro, zanen da ta bi da allura, ɗinki bayan ɗinki. A wani lungu zaren ya ɗan kauce wa layin, ya dawo. Ita da aikinta ba ya kaucewa. Nan na ga fitilar, na ga tabarau, na ga tabarmar. Na kuma tuna cewa a daidai wannan lokacin tana zaune a tsakar gida, waya a hannun ƙanwata, tana jina.

"Da mutanen gida" yana rubuce a gabana, baƙi a kan fari. Bakina ya ƙi shi. Abin da ya fito shi ne, "Da mahaifiyata."

Na sha rubuta kalmar a fom, na sha faɗa wa likita da malamin makaranta. Amma shekara talatin da huɗu ban taɓa faɗinta a inda za ta ji ba. Tana fita numfashina ya yanke, irin yankewar da nake ganewa a kunne. Wani abu ya taso daga ƙirji ya tokare min maƙogwaro, haɓata ta fara rawa, na cije leɓe na haɗiye, ya ƙi haɗiyuwa. Na buɗe baki in ƙarasa, iska kawai ta fito. Sai ɗumi a kumatuna. A raina na ɗauka na yi minti biyar a tsaye, da na duba bidiyon daga baya daƙiƙa 11 ne. Mai gabatarwa bai katse ni ba, Allah ya saka masa. Daga cikin duhun wata murya ta ce, "Allah ya yi mata albarka," wasu suka amsa da amin. Na samu na ce, "Ita ta ɗinka rigar nan," na sauka. Ban san yadda na koma kujerata ba.

Tun daga ranar nake tunanin abin da minti ɗayan nan yake yi wa mutum. Fim aikin bashi ne, na kuɗi da wanda ba na kuɗi ba, kuma yawancinsa ba a biya. Shekara biyu, uku, kana karɓa daga hannun mutane, kana cewa sai an gama. Mu kuma a gidajenmu ba a saba zama a dubi juna a yi godiya ba, musamman tsakanin ɗa da iyaye. A aikace ake nunawa, ko a aika wani. Rana ɗaya sai a tsayar da kai cikin haske, ga yunwa, ga gajiya, ga faɗuwar gaba ta sa'o'i, a ce ga daƙiƙa sittin, faɗi waɗanda suka kawo ka nan. Abin da ka shekara kana dannewa shi za ka ɗaga da bakinka, a gaban mutane, cikin gaggawa. Kambun ba shi da hannu a ciki. Da a hanya aka miƙo min shi, da godiya zan yi in sa a jaka.

Na koma na nemi bidiyon nan na 2002, na sa abin sauraro a kunne yadda nake yi wa aikina. Numfashin Halle Berry a yanke yake tun kafin ta fara magana, kuma abin da ta fara yi da ta samu murya shi ne kiran sunaye: Dorothy Dandridge, Lena Horne, Diahann Carroll, matan da suka riga ta ba su samu ba. A Samaru mun kalli fuskarta ne kawai a ƙaramin allo, muna surutu a kai. Ban saurara ba. Ba na cewa duk wanda ya share ido a kan dandamali gaskiya yake yi, akwai masu yi don a ɗauka a yaɗa, kuma ana gane su. Amma na zalunci mutane da yawa da zato, kuma na daina.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin da na yi ba. Kafin mu bar Kaduna guntun bidiyon ya zaga, wasu abokan sana'a suna addu'a, wasu suna cewa namiji da kuka gaban mata. Wani kawuna ya kira ya ce na tona asirin gida, abin da ake rufewa na kai shi kasuwa. Maganarsa ta tsaya min a rai fiye da ta sauran, don ita ce tsoron da nake ji: kada in zama na kunyata ta, na karya abin da ta riƙe shekara talatin da huɗu. A mota washegari na kasa magana har muka wuce Jaji. Baba ya lura. Ya ɓare goro ya miƙo min rabi, ya ce shi a aikinsa bai taɓa gama soro bai fitar masa da indararo ba, don ruwan da ya kwanta a kan rufi shi ke kayar da ɗaki. Bai ƙara ba, ya koma kallon gonaki.

Ban tsaya a Tudun Wada ba, cikin birni na wuce kai tsaye, da rigar a jikina. A zaure ƙanwata ta tare ni, ta yi ƙasa da murya. Ta ce maƙwabta sun cika tsakar gida a daren, ana ta guɗa da aka kira sunana. Da na faɗi kalmar, Umma ta miƙe ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta fito ba har kowa ya watse.

Na yi sallama. Tana kan tabarmarta a gindin bango, wata babbar riga a cinyarta, tabarau a karan hanci. Na durƙusa daga inda na saba durƙusawa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau."

Na tura kambun gabanta a kan tabarma. Ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta juya wajen ƙanwata.

"Ɗauki wannan ki sa min a cikin kabad, sama, inda yara ba sa kaiwa. Ki ce wa na wajen Goggo ya tuɓe rigar nan ya bar ta. Akwai wurin da ban ƙarasa ba a hannun hagu, sauri aka sa ni."

Na shiga ɗakin ƙannena na tuɓe, na saka wata tsohuwar riga, na kawo mata. Ta shimfiɗa hannun rigar a gwiwarta, ta nemo zaren a cikin gwangwaninta, ta lashi bakinsa, ta ɗaga allura wajen haske. Ta gwada sau ɗaya bai shiga ba. Ta gyara tabarau ta sake, ya lanƙwashe. A na uku na matsa, na miƙa hannu. Ta ɗan yi jim, sannan ta sakar min allurar da zaren a tafin hannu, fuskarta tana kallon bango. Na zura, na miƙa mata. Ta karɓa ta soma ɗinki, ni kuma na zauna a bakin tabarmar har aka kira magariba.